Aƙilu Bai Yi Sallama Ba

Duk wanda ya taɓa cin tuwo a gidan Alhaji Ashiru da ke Nassarawa, girkin Larai ya ci. 'Yar wani ƙauye ce a ƙasar Kusada, doguwa, mai faɗan tsiya in tana bakin murhu, amma in ta kaɗa miyar kuka sai ka yafe mata duk abin da ta gaya maka. Tana bazawara aka kawo ta ta taya Hajiya Raliya aiki, wai kafin a samu wata. Ba a taɓa neman watar ba. A gidan ta yi furfura.

A nan ta tarar da Aƙilu mai gadi. Shi tun yana ƙaramin yaro ya shigo Kano, shekarar babban fari, kawunsa ne ya taho da shi daga wani ƙauye can bayan Matamaye, a ƙasar Damagaram, tsallaken iyaka. Kawun ya rasu, yaro ya yi dako, ya yi ga-ruwa, har Allah Ya kai shi bakin ƙofar Alhaji. Bai sake komawa ba. Hausarsa ta Kano ce zalla, in ya ce maka shi ɗan Fagge ne ba za ka yi musu ba, sai dai ba ya faɗar abin da ba haka yake ba. Takardar zama kuwa, wace takarda? Wa ya taɓa tambayarsa? Ranar da aka ƙaddamar da Shari'a a filin Idi da shi aka yi kabbara har muryarsa ta dishe. In lokacin zaɓe ya zo, 'yan siyasa har tsugunawa suke su gaishe shi, su ce da shi baba.

Aƙilu yana da wani hali da ke ba Larai haushi, yana kuma burge ta. Ba ya matsawa daga ƙofar nan sai da izini. Masallacin da ke tsallaken titi ma sai ya leƙa ya sanar. Filin Idin da aka ambata, sai da ya roƙi Alhaji tun ana saura kwanaki. Larai takan ce, "Malam, in gobara ta tashi a rigarka ma sai ka nemi izini kafin ka tuɓe." Sai ya yi murmushi ya ce amana ce.

Da shi da Larai suka daidaita kan aure, Aƙilu ba shi da kowa a Kano da zai tsaya masa. Alhaji Ashiru da kansa ya sa babbar riga, ya tafi Kusada, ya karɓar wa mai gadinsa aure. Tun daga ranar Aƙilu bai ƙara ganin sa a matsayin ubangida kawai ba. Aka ba su ɗaki biyu a bayan gida, Larai ta dasa zogale a gefen rijiya, suka zauna lafiya.

Shi kuma Alhaji tsohon babban sakatare ne, mutumin kirki, amma maganarsa sai ka ce sayen ta yake. In ya ce a yi abu ba ya faɗar dalili, babu kuma mai ƙarfin halin tambaya, har matarsa. Wannan halin nasa ne da wancan na Aƙilu suka haɗu da gaggawar Larai, aka yi ɓarna.

Shekarar da bama-bamai suka tashi a Kano ranar wata Juma'a, gari ya rikice. Ko'ina shingen bincike, ko'ina tambaya. Aka shiga kwashe baƙin da ba su da takarda ana mayar da su ƙasashensu. Sai kuma magana ta zaga Nassarawa cewa duk mai gidan da aka samu yana riƙe da irinsu a aiki za a ci shi tara mai nauyi, wataƙila har kotu. Ko nawa ne gaskiya a ciki, ko nawa ne ƙarin gishiri, Larai ba ta sani ba. Abin da ta gani da idonta shi ne, layinsu yana ta zama fayau. Buzayen da ke dafa shayi a bakin ƙofofi duk an sallame su, wasu ko haƙuri ba a ba su ba.

Wata safiya wajen mai kayan miya, Kande, mai aikin gidan da ke kallon nasu, ta ja ta gefe.

"Yaya Larai, kin ji abin da mai gidanmu ya yi? Cewa ya yi da mai gadinmu ya shiga mota ya raka shi unguwa. Ashe ofishin 'yan shige da fice ya kai shi, ya miƙa musu shi da hannunsa, don kada a ce ya ɓoye baƙo. Ko tabarmarsa bai ɗauka ba."

"Innalillahi! Shekara da shekaru yana yi masa gadi?"

"Ke dai bari. Masu kuɗin nan in suka ji tara da kotu, ba su san kowa ba. Ki kula da naki."

Larai ta dawo gida da maganar a ranta. Kwana biyu bayan haka, ranar Asabar, Alhaji zai tafi Kaduna ta'aziyya. Da motar ta zo ƙofa sai ya sauke gilashi.

"Aƙilu."

"Ranka ya daɗe."

"Me sunan garin da aka haife ka? Da sunan mahaifinka?"

Aƙilu ya faɗa.

"To. Ranar Litinin ka sa kayanka masu kyau. Za mu je ofishin 'yan shige da fice."

Ya ɗaga gilashi, direba ya ja. Shi ke nan fa, iyakar maganar ke nan. Haba Alhaji! Da ka ƙara kalma uku, me zai ragu a jikinka?

Da Aƙilu ya ba ta labari, muciya ce a hannunta, ta sake ta a tukunya. Ta nufi wajen Hajiya Raliya, ta durƙusa.

"Hajiya, don Allah me za a je yi da Malam a ofishin nan?"

"Wallahi Larai yanzu nake ji a bakinki. Kin san Alhaji."

"Ko za ki kira shi a waya?"

"In tambaye shi dalili? Yana wajen makoki? Ki kwantar da hankalinki, alheri ne in sha Allahu."

Ina! Hankalin da ya riga ya tashi. Larai ta koma ta tasa mijinta a gaba. Ta ce ya tafi Kusada wajen yayanta ya laɓe, in abin ya lafa ya dawo. Ya ce Alhaji ba zai yi masa haka ba. Ta ce mai gadin su Kande ma haka ya zata. Ya ce mutumin da ya karɓar masa aure? Ta ce aure daban, kotu daban. Ta yi faɗa, ta yi kuka, ta ƙi cin abinci, ta ce in aka jefa shi ƙasar da ko kabarin uwarsa ba zai gane ba, ita ta bi shi ina? Tsoro ne tsagwaronsa, da so. Ba ta da kowa a zuciya sai wannan bawan Allah mai sanyin magana.

Da ya ga ba za ta bari ba, ya ce, "To bari ya dawo in yi masa sallama."

"Sallama? Ka ce masa me, ranka ya daɗe zan gudu?"

"Larai, ban taɓa barin ƙofar nan ba izini ba."

"Ni zan riƙe ƙofar. Ba ni mukullin."

Ranar Lahadi da hantsi ya miƙa mata mukulli. Ya fita da 'yar jakarsa, yana tafe yana waiwaye kamar wanda ya yi sata.

Ko Bichi bai kai ba. A wani shinge aka sauke fasinjoji, aka ce kowa ya nuna shaida. Aka tambaye shi ɗan ina ne. Da ya ce Fagge, da ya wuce. Ya ce Damagaram. Kafin mako ya zagayo an tsallaka da shi iyaka tare da wasu cike da mota. Mutumin da in yana zaune a bencinsa na Nassarawa babu mai ko kallonsa, Larai da kanta ta tura shi inda ake nema.

Alhaji ya dawo ya ga mace ce ta buɗe masa ƙofa. Ya tambaya, ta faɗa masa komai, ba ta rage ba, ta ce laifinta ne. Ya daɗe yana kallon bencin.

"Katin zama za a yi masa," in ji shi. "Na riga na yi magana da su. Ni zan tsaya masa, in da tara ni zan biya." Sannan ya ce, "Ashe kallon da Aƙilu yake yi mini ke nan."

Larai ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ce na matsa masa."

"Namiji ne. Da ƙafarsa ya fita."

Bai kore ta ba, bai rage mata komai ba, bai kuma sake ambaton sunan ba. Aka kawo mai gadi na kamfani, mai kaki da hula.

Iyakar nan kowa ya san ba katanga ba ce. Kafin damina Aƙilu ya dawo Kano ta hanyar daji, ya rame, ya yi baƙi. Amma bai doshi Nassarawa ba. Ya kama ɗaki a Tudun Murtala, ya kafa teburin rake a bakin titi. Larai ta je ta same shi, ta gaya masa abin da Alhaji ya nufa da shi. Ta ɗauka zai yi murna. Sai ya sa hannu biyu ya rufe fuskarsa.

"Malam, ka zo ka ba shi haƙuri, magana ta ƙare."

"Da wane idon? Mutum ya tsaya mini tsayuwar uba, na zarge shi, na bar masa ƙofa a hannun mace, ban yi sallama ba. In ya aiko, ko da rarrafe zan je."

Ta kai wa Hajiya, Hajiya ta kai wa Alhaji. Amsar da ta dawo ita ce, "Ban kore shi ba, balle in kira shi. In ya zo, ya zo."

To, kun ji. Wannan yana jiran aike, wancan yana jiran sallama, tsakaninsu tafiyar da ba ta kai a sha ruwa ba. Larai ta kwashe kayanta daga ɗakin bayan gida ta koma Tudun Murtala. Kullum sai ta hau adaidaita sahu da safe ta je ta yi wa ɗaya tuwo, da yamma ta dawo ta yi wa ɗayan. Kowace Sallah sai ta ce, "Bana dai ka je." Sai ya ce, "Bari ta wuce, gidan da mutane." Ta yi faɗan har ta gaji. Maganar tara da kotu ta daɗe da mutuwa, Buzaye sun dawo layin suna dafa shayinsu, an yi zaɓe, an sake yin wani. Abin da ya fi ci mata rai shi ne, ko sau ɗaya bai taɓa ce mata ke kika ja ba. Da ya faɗa, da ta samu abin yin kuka a kai.

Sai tsufa ya kama Alhaji, ya fara mantuwa. Yau ya kira Larai da sunan ƙanwarsa da ta rasu, gobe ya ce a fito da mota zai tafi ofis. Larai ta dawo gida wata ranar ba ta ko ajiye mayafi ba.

"Malam, in za ka nemi gafarar mutumin nan, ka nema yanzu. Wallahi yana tafiya."

A wannan karon Aƙilu bai kawo uzuri ba. Washegari ya yi aski, ya sa farar rigarsa, suka tafi tare. Mai kaki ya tsayar da shi, sai da Larai ta ce mijinta ne. Hajiya Raliya na ganin sa ta fashe da kuka. Aka shigar da shi falo, inda Alhaji ke zaune a kujera, an rufa masa bargo a ƙafa.

Aƙilu ya cire takalmi, ya durƙusa, ya yi sallama. Sannan ya fara, "Ranka ya daɗe, na zo ne a kan abin da na yi maka. Na tafi ban..."

Alhaji ya ɗago. Ya gane shi sarai, fuskarsa ta washe, irin yadda Larai ta daɗe ba ta gani ba. Sannan ya ɗan ɗaure fuska.

"Aƙilu, kai ne a nan? Wa ka bar wa ƙofa?"

Hajiya ta ce, "Alhaji, gafara ya zo nema."

"Gafarar me? Me ya yi?" Ya dubi Aƙilu. "Je ka, kada baƙi su zo ba kowa."

Larai na tsaye a bakin ƙofar kicin, ta toshe bakinta da gefen mayafi. Shekarun nan duka tana fatan ranar da Alhaji zai ce na yafe, ashe ranar ta wuce tun tuni, ba su sani ba. Babu sauran laifin a kansa, balle ya yafe shi.

Aƙilu ya daɗe a durƙushe. Sannan ya ce, "To, ranka ya daɗe. Yanzu zan koma."

Ya miƙe, ya sa takalminsa, ya fita. Ta taga Larai ta hango shi ya isa bakin ƙofa. Mai kaki yana kan kujera yana latsa waya, bai matsa masa ba. Aƙilu ya tsaya a gefe cikin rana, hannuwansa a baya, yana kallon titi. Tun da aka ce ya je, ba a kuma ce ya tashi ba, ta san ba zai tafi ba sai ta je ta nemo masa izini.