Sada Mai Akwati da Farin Ƙarfe

A zamanin da Turawa ke mulki, sa'ad da aka buɗe azuzuwan yaƙi da jahilci, Sada na cikin mutum tara na farko da suka iya boko a ajinsu na Kankia. Wata biyar kacal ya yi. Manomi ne, gonarsa na Dudunni, amma ranar kasuwa yana da aiki biyu a gindin durumi: ya karanta wa jama'a sanarwar En'e, in ya gama ya buɗe akwatinsa.

Littafi bakwai ne a ciki, duka na abubuwan al'ajabi. Uku na aljanu, biyu na tafiya ƙarƙashin teku, ɗaya na maƙerin da ya ƙera doki ya hau zuwa wata, ɗaya kuma na fari masu fukafukan ƙarfe. In sabon mai karatu ya zo aro, Sada kan ce, "Fara da maƙeri, shafi ashirin da huɗu ne, harufan manya. Na teku sai ka ƙware. Na fara kuwa, in kana da tsoro bar shi."

Wata ranar kasuwa, gero ya yi tumu, saura kamar kwana ashirin a girbe, ya gama sanarwar lambar shanu ya ɗauko littafin fara ya shiga karanta wa jama'a. Wuri ɗaya, murya ɗaya. Haulatu mai tallan nono ta iso yana tsakiya, ta ji yana cewa kafin kwana bakwai farin ƙarfe za su sauko daga gabas, ba za su bar ko kara ba. Ta aza ƙwaryarta ta kama hanyar ƙauyensu, Ƙofa.

Kwana biyu bayan haka, da hantsi, wani ɗan koli ya ce masa, "Malam Sada, mutanen Ƙofa na gode maka. Tun jiya suke yankan gero kafin farar nan da ka sanar."

Sada ya soka littafin a aljihu ya haye keke. Sau biyu sarƙa na zamewa a hanya, yana sauka yana mayar da ita. Ba dogaran hakimi kaɗai yake gani a ransa ba, ko da yake yana ganinsu. Rumbuna yake gani wayam tun kafin bazara, da mata na nuna shi da baki.

Tun daga bakin gari ya fara ƙirga. Gona ɗaya a kwance. Biyu. Uku. A ta huɗu ya tarar da Baba Hussaini, dattijon unguwa, da mutum shida suna sara. Sada ya ɗauki zangarniya ya murza, ƙwayar ta fashe da ruwa fari kamar nono.

"Baba, don Allah ku dakata! Babu wata fara. Tatsuniya ce!"

Hussaini bai ko ɗago ba. "Tatsuniya a takarda? Wane mahaukaci ka ɓata takarda da tatsuniya? Na ga fara da idona ina saurayi, mun ci ganye wata huɗu. Kauce."

Sada ya zaro littafin, ya buɗe shafi na talatin, ya karanta inda sarkin fara ya naɗa rawani yana gardama da wani makiyayi. Mutum biyu suka yi dariya, amma ba wanda ya ajiye magirbi.

"Yau ta yi rawani, shekaranjiya ba ta yi ba," in ji Hussaini. "Wa ya sani ko an hana ka faɗi ne."

Sada ya dubi gabas, ga gonaki goma sha takwas a tsaye, masu su na wasa ƙarfe. Nan dabara ta faɗo masa.

"Baba, ni na karanta ta, ko? To gonata na Dudunni. A tura mutum da keken nan ya duba. In an ga na yanki zangarniya ɗaya, ku yanke naku duka, ku kai ni wurin hakimi da igiya."

Hussaini ya miƙe, ya dube shi sama da ƙasa. Ya aiki ƙanensa, ya ce kowa ya zauna. Sada ya zauna a kan kunyar gona yana zufa har la'asar, ba wanda ya miƙa masa ruwa. Da ɗan aike ya dawo ya ce geron Sada na nan tsaye ko tsuntsu bai taɓa ba, Hussaini ya jefar da magirbi.

"Kai da takardunka, Allah ya shirye ka."

Gona uku da rabi suka salwanta. Da kaka, Sada ya ɗaure dami arba'in da biyu, ya ɗora sha tara a jakuna ya kai Ƙofa da kansa.

Bai daina karatu a gindin durumi ba. Sai dai daga ranar, sanarwa a tsaye yake karanta ta, labari kuwa sai ya shimfiɗa buzu ya cire hula, kuma duk shafi uku ya tsaya ya ce, "Wanda ya iso yanzu, ƙage ne." Haulatu ta saba zama a gaba, ita ce ma kan riga shi faɗa.