Yustino Mai Rijiya a Kwarin Ginshiƙai

Kakanmu Yustino Mdemu ya shekara arba'in yana haƙa rijiyoyi a ƙauyukan Iringa. Da ya murza ƙasa a hannu zai gaya maka gaba nawa za a haƙa kafin a tarar da ruwa. Dattijo ne a majami'armu, kuma ya tsaya ƙyam a kan cewa cikin kwana shida Allah ya halicci duniya, sannan ruwan tufana na zamanin Nuhu ya sassaƙa kwaruruka.

Shekarar da ciwon gwiwa ya raba shi da aiki, wata Asabar ya tara mu, 'ya'ya da jikoki, ya ce a dafa masara, za mu kwarin ginshiƙai.

Matarsa, Kaka Semgeni, ta ce, "Tsoho, ramin bai ishe ka ba har yanzu?"

"Wannan ba ni na haƙa ba. Zo ki ga aikin Maigidana na sama."

Muka gangara. Ginshiƙan jar ƙasa ne tsaye cirko-cirko, wasu sun fi majami'armu tsawo, kowanne da faifan dutse a kai kamar hula. Kaka Yustino ya riƙa shafa jikinsu yana nuna mana tsakuwa a ƙasa, yashi a bisanta, laka a sama. Ya tara ƙasa, ya ɗora ɗan dutse, ya kwarara ruwan jarka. Gefe ya zaizaye, ɗan ginshiƙi ya rage.

"Kun gani? To, ku ƙaddara ruwan da ya rufe duniya."

'Yarsa Goggo Tulizo, malamar sakandare, ta ce, "Baba, masana sun ce dubban shekaru ruwa ya yi yana wannan aiki."

"Suna nan aka fara?"

"Kai kana nan?"

Ya yi dariya har da tari. Bai rufe baki ba sai ya karkata kunne. A kanmu rana ce tarwai, amma hadari ya haɗu can kan tsaunuka.

"Ku hau tudu! Yanzu!"

Da ƙyar muka jawo shi sama, sai ga ruwa ya kawo kai, jajawur, yana ruri, yana mirgina duwatsu. Muna kallo ya ci gindin wani dogon ginshiƙi. Ginshiƙin ya sunkuya a hankali, ya kife, har ƙasa ta motsa ƙarƙashin ƙafafunmu.

Na zaci Kaka zai ce wa Goggo ta gani, amma sai ya cire hula.

"Shekara arba'in ina roƙon ruwa guga-guga," in ji shi. "Ashe ban san shi ba."

Goggo ta kama hannunsa, suka durƙusa tare, muka bi su.

Ya ƙara shekara uku a duniya. Ya ƙare su yana dasa itatuwa a bakin zaizayar da ke cin gonar majami'a, yana jan gwiwa daga rami zuwa rami.