Ranar Da Inna Ta Kira Sunan Ɗan Farinta

Ko tsufa zai kwashe min komai daga ka, ranar da na raka wata tsohuwar Bafulatana Kano neman afuwar gwamna ba za ta goge ba. Ƙanena muka je nema wa afuwar, kuma ɗanta ya kashe.

Ƙanen nawa manomi ne a Rurum, mai zuciya irin tawa, don gidanmu ba mu gaji haƙuri ba. Wata kaka shanu suka shiga masa dawa, faɗa ya kaure tsakaninsa da saurayin da ke kiwon, ya ɗaga ƙotar fartanya ya sauke masa a ka. Kafin a kai yaron Rano rai ya yi halinsa. Kotu ta yanke wa ƙanena hukuncin rataya. Ba zan ce an zalunce shi ba, ya aikata.

Shekaru suka yi ta tafiya yana gidan yari yana jiran ranarsa, mahaifiyarmu kuma tana ƙarewa a tsaye. Sai lauya ya ce saura ƙofa ɗaya, kwamitin da ke ba gwamna shawara kan afuwa, amma maganar ba za ta yi nauyi ba sai masu jini sun yafe da bakinsu. Uban yaron ya rasu, ƙannen yaron suka ce sai abin da uwarsu Inna ta ce. Muka tura liman da mai unguwa rugarsu. Ta shimfiɗa musu tabarma, ta dama musu fura, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Na ce a raina, dama wa zai yafe?

Ni ina tuya awara a kasuwar Kibiya, ita kuma tana kawo nono. Wata ranar kasuwa sai ganinta na yi ta sauke ƙwarya a gabana.

“'Yar nan, yaushe ne tafiya Kanon?”

Da ta ga na yi sororo sai ta ce, “Na hango uwarku wancan makon tana zaɓen tumatir, hawaye na zuba ba ta ma sani ba. Na san irin wannan kukan.”

Ranar tafiya muka matsu a motar haya, ita a gefena, har muka isa. Aka shigar da mu gaban 'yan kwamitin. Wani mai ɗaukar bayani ya ce, “Inna, ki faɗi sunan wanda kika yafe jininsa.”

Ta sunkuyar da kai ta ce, “Yaron nan.”

“Sunansa muke so, Inna.”

“Babban nasu.”

Sai lokacin na tuna ɗan farinta ne. Ko mu Hausawa uwa ba ta kama sunan ɗan fari, bare su da kunya ta zame musu jini. Tun da ta haife shi sunan nan bai taɓa fita daga bakinta ba, kuma ko ranar da aka binne shi ba wanda ya ga hawayenta. Wani dattijo a cikin 'yan kwamitin ya gane, ya ce a bari ni in faɗa, ita ta gyaɗa kai kawai. Har na buɗe baki, ta dafa min gwiwa.

“A'a, Alhaji. In wani ya faɗa, gobe sai a ce wani ne ya yafe.”

Ta ɗago kai ta faɗi sunan, a hankali, kamar mai tashin yaro daga barci. Ta ce ta yafe duniya da lahira, ba ta son diyya, a roƙa mata gwamna ya mayar wa tsohuwa ɗanta. Daga nan ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Ban taɓa ganin jarumta irin wannan ba, kuma ban ƙara gani ba.

A hanyar dawowa na ce, “Inna, da me za mu saka miki?”

Ta ce, “Yau na kira nawa, bai amsa ba. In naku ya fito, ki ce masa duk sanda uwarsa ta kira shi ya amsa.”

Da azumi ya zagayo sunan ƙanena ya fito cikin waɗanda gwamna ya yi wa afuwa. Mahaifiyarmu, Allah ya ji ƙanta, ta yi ta kiransa ko ba ta da aike, shi kuwa ko yana tsakiyar gona sai ya yar da fartanya ya taho. A wurin Inna na koyi cewa yafiya ba kyauta ba ce mai sauƙi, mai yin ta ne yake ɗaukar nauyinta. Gwamna ya sa hannu, Allah ya saka masa, amma ni na san bakin da ya kwance igiyar nan daga wuyan ƙanena.