Gaisuwar Hanyar Masallaci

Shekarar da ɓarin jikin Baba ya shanye, likitan da ya duba shi a Bodinga ya kalle ni ya ce, "It will be a slog." Da yake ni ne malamin Turancin gidan, duk aka zuba mini ido. Na ce yana nufin tafiyar da ake yi da ƙyar, ana jan jiki ana haki, amma ba a tsayawa. Baba ya ce in dai wannan ne, bai ga abin tafiya boko ba.

Da ya fara takawa, burinsa ɗaya ne: ya kai kansa masallacin Juma'a na Shagari da ƙafarsa, ya samu salla. Ba babur, ba a riƙe shi. Ni ina bayansa da darduma.

Ƙafar ba ta ba mu matsala kamar masoya ba. Baba ya karantar da rabin garin, don haka duk wanda ya hango shi sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa. "Allah gafarta Malam, ina jiki? Ina gajiya? Ina iyali?" Har lafiyar shanunmu na Mandera sai an tambaya. Baba kuma ba ya amsa gaisuwa yana tafiya. Mai gaisuwa ya gama, ya miƙe, ya ruga ya samu sahun gaba da ladarsa. Mu kuwa mu iso ana neman takalma. Haka muka yi ta yi, ga sauƙi ya samu, ga salla tana wucewa.

Haushi ya ishe ni. Wata Alhamis na bi shaguna da zauruka ina roƙo: don Allah gobe kowa ya riƙe ladabinsa har a sallame. Suka ji magana kuwa, abin da ɗalibaina ba su taɓa yi mini a aji ba.

Ranar, kowa ya sunkuyar da kai ya wuce mu. Muka shiga kafin liman ya hau mumbari. Ina ta murna a raina, na shimfiɗa masa darduma. Baba bai zauna ba. Ya jingina da sandarsa yana kallon ƙofa.

"Kai," ya ce a hankali, "mi niy yi ma mutanen garin ga? Ko sun aza na riga na tahi?"