Sammani da Kwamishina

Sammani bai tashi da niyyar ɗaukar hoton karnuka ba, rowa ce ta ja masa. Shagonsa na ɗaukar hoto yana bakin Titin Ibrahim Taiwo, ta ɓangaren Fagge. A wurin Okechukwu ya koyi sana'ar, kuma abu ɗaya ya riƙe daga bakin maigidan nasa: kada ka kuskura ka wanke fim da saura. Shekarar da kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka faɗo, kowa so yake a ɗauke shi a kan sabon babur ko rungume da rediyo. In an tashi aiki fim ya rage ɗaya ko biyu, sai Sammani ya leƙa waje ya ƙarasa shi a kan duk abin da ya tsaya cik. A titin nan kuwa babu mai tsayawa sai karnuka.

Babbansu wani jan kare ne mai yagaggen kunne. Kwamishina ake ce masa, don in ya kwanta a tsakiyar hanya sai dai mota ta kauce. Ba shi da ubangida. Da safe yana Sabon Gari, bayan rumfar Bridget mai shinkafa. Da azahar ya tsallako Fagge, inda kowa ke tattare riga in ya gifta, har da Sammani. In aka tambaye shi tarin hotunan da ya cika kwalin takalmi da su, sai ya ce, "Gwajin fim ne." Shekara uku yana gwajin fim.

Wata Talata duba-gari ya iso da akori-kura da majiya ƙarfi biyu. Umarni aka bayar: duk karen da ba shi da mai shi a kwashe, kuma kowa ya san ba asibiti ake kai su ba. A ƙofar shagon Sammani suka zarga wa Kwamishina igiya. Mutanen titi suka taru.

"Akwai mai shi?" in ji duba-gari. "In akwai, ya sa hannu a ba shi lamba."

Sammani ya faɗa shago ya ɗauko kwalin, ya baza hotuna a kan benci. Ga Alhaji Abdulgani, dillalin atamfa a Kantin Kwari, tsugune bayan marsandinsa yana miƙa wa karen tsire. Ga Malam Hadi ladan yana tsiyaya masa ruwan buta a kasko. Ga Bridget da ƙanzo.

"Ai wannan ƙanena ne," in ji Alhaji, yana nuna mutumin da ke cikin hoton. "Muna kama ƙwarai."

"Ni kaskon nake wankewa," in ji ladan.

Aka aika aka kira Bridget. "Malam, abinci nake sayarwa," ta ce. "In sa hannu a kan kare, wa zai ƙara cin naman miyata?"

Duba-garin dattijo ne, ba ya gaggawa. Ya gyara tabarau, ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya.

"Malam mai hoto, duk waɗannan suna ba shi, amma bai kalli ko ɗayansu ba. A kowane hoto kai yake kallo."

Sammani ya duba. Haka ne. Tsire a bakin hancinsa, amma idonsa yana kan mai riƙe da kyamara, wutsiyar ma ta fito dishi-dishi saboda kaɗawa. Shi da ya wanke su da hannunsa bai taɓa lura ba. Kunya ta kama shi, ba ta jama'ar da ke tsaye ba, ta karen. Ya karɓi biro ya sa hannu.

Ya kuwa sha wuya. Maniyyata suka ɗauke ƙafa, suka koma ɗaukar hoton fasfo a tsallaken titi. Sunan Sammani Mai Kare ya bi shi har kan katin gayyatar auren 'yarsa. Kwamishina dai ya ƙara shekara huɗu a ƙofar shago, da lamba a wuya, yana hana motoci sakat.

Ranar da karen ya mutu, Sammani ya zazzage kwalin kaf. Kowa na titin yana ciki tare da Kwamishina, shi kaɗai ne babu. Yana zaune a tsakiyar hotunan Alhaji Abdulgani ya leƙo, ya waiga hagu da dama, ya yi masa gaisuwa ƙasa-ƙasa. Sannan ya tambaya ko za a taimaka masa da hoton nan na ƙanensa.