Kofin Sadiƙu a Prag

Jama'a, ku ji ta yau!

Ina zaune a unguwarmu ta Shisha bayan isha'i, jikana Sadiƙu ya kira ta bidiyo daga Prag, ƙasar Cek. Abokan aiki sun kai shi gidan kiɗa, yana shan bira marar maye, irin ta baƙalarmu, kantin unguwa.

Ya ce, "Hajiya, cikina zai fashe! Da na shanye sai a dire wani kofin. Ke kika ce barin abin da aka kawo raini ne."

Sai wani tsohon Bature ya zaro faifan ƙarƙashin kofin, ya rufe kofin da shi. Halas, shi ke nan! Ba a ƙara kawowa ba. Mai zuwa can ya riƙe wannan.

Na ce, "Ya waladi, tuwona nake nufi."