Tafiya da Daro a Ka

Ina aji biyu na ƙaramar sakandare Mma ta faɗi a bakin murhu. Tana kwashe ƙosai daga mai, sai na ga matsamin ya zame daga hannunta, ta zauna a ƙasa a hankali. Gefen bakinta na hagu ya ɗan karkace. Kafin masu sayen koko su lura ya koma daidai, amma ni na gani. Na san wannan karkacewar, don yayar Mma tana kwance a unguwar Kotobabi shekara uku ke nan, ɓarin jikinta ya shanye, da cokali ake ba ta ruwa. Mahaifinmu ya rasu tun ina ƙarama. Daga ni sai Mma a ɗakinmu.

A asibiti nas ɗin da Turanci take magana, ni nake juya wa Mma. Ta ce jini ya hau ƙwarai. Ta ba da ƙwayoyi, ta ce a rage gishiri da mai, sannan ta ɗaga yatsa ta ce tafiya rabin awa kullum, da sauri, ba tsayawa, har numfashi ya sauya.

"Ki ce mata ni tun asuba nake tsaye," in ji Mma.

Na faɗa. Nas ta ce tsayuwa daban, tafiya daban, kuma in aka yi wasa faɗuwa ta biyu ba za ta zo da sauƙi ba. Wannan ma na juya wa Mma, ina kallon ƙasa.

A hanyar gida ta kama hannuna ta matse. "Kada in ji wannan magana a bakin kowa. Ba mai sayen abinci a hannun mara lafiya."

Da safe tana suya, don haka sai bayan la'asar muke fita, daidai lokacin da duk unguwarmu ta Nima take zaune a ƙofar gida. A lungunmu kuwa mace mai mutunci ba ta wuce babba da "sannu" kawai. Sai ta tsaya, ta rusuna, a tambayi gida, a tambayi kasuwa, a tambayi mai jiki ta Kotobabi, a yi mata addu'a, a shafa. Ranar farko na riƙe wayar Mma ina duba lokaci. Mun yi awa guda a waje, ba mu wuce kwanar masallaci ba. Tafiya mafi tsawo da ta yi ba tsayawa ba ta kai minti biyu ba. Muka dawo da soyayyiyar doya a takarda da naman suna da wata ta ba mu, Mma kuwa ko zufa ba ta yi ba.

Muka gwada babban titi. Yaran trotro, motocin hayar nan, suna buga jikin mota suna kiranta, sai ga maƙwabcinmu mai tasi ya taka birki. "Hajiya, da raina kike tafiya a ƙasa? Shiga, don Allah." Ta shiga. Ya kai mu kasuwar Maamobi inda ba mu da abin saye.

Kullum da safe kafin in tafi makaranta bakinta nake fara kallo. A aji malami yana rubutu a allo, ni ina tunanin ko tana tsaye har yanzu.

Wata rana ina dawowa na lura da mata masu dako. Wadda take ɗauke da kaya ba a tsayar da ita. Ko tsofaffi "sannu da aiki" kawai suke cewa, ta amsa tana wucewa. Na daɗe ina juya abin a raina kafin in iya faɗa wa Mma. Ta dube ni ta ce, "Ke da ba kya magana, ashe ƙulle-ƙulle kike yi." Amma washegari ta ɗauko babban daronmu, muka rufe shi da tsohon zane, muka ɗaure bakin da igiya. Ba komai a ciki. Ta naɗa gammo ta ɗora.

Kwana tara muka yi haka. Mukan bi gefen babbar kwata mu zagayo ta bayan makarantar allo, tana gaba ina biye da wayar. Na ga zufa ta jiƙa bayan rigarta, na ji numfashinta ya sauya kamar yadda nas ta ce. Har dariya ta yi sau ɗaya, ta ce wuyanta ya saki.

A rana ta goma muka haɗu da Goggo, tsohuwar gidan da ke kallon namu, wadda ta yi wa Mma wankan jego lokacin haihuwata. Ni ta tare.

"Ei! Ke ba ki da kunya? Uwarki da kaya, ke kina kaɗa hannu da waya? Wannan ne karatun?"

"Goggo, ki bari, ba nauyi," in ji Mma.

"Rufe min baki, ke kika ɓata ta. Zo nan, kawo kanki."

Ta kama daron da hannu biyu ta ja da ƙarfin da ake sauke kaya mai nauyi. Daron ya tashi sama, ya kuɓuce mata, ya bugi ƙasa yana ƙara, ya gangara har bakin kwata. Zanen ya zame. Masu wanki, mai gasa masara, maza a kan benci, kowa ya leƙa ciki. Ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi.

Cikin kwana biyu magana ta zagaya cewa kan Mma ya taɓu, tana yawo da daro ba komai. Koko ya fara kwana a tukunya. Mma ta daina fita bayan la'asar. Ciwon ƙeya ya kama ta, na ga tana dafa bango in za ta miƙe. Na roƙe ta, ta ce, "Gara in mutu a ɗakina da hankalina."

Ranar Asabar na ga cokali ya faɗi daga hannunta na hagu. Ta yi sauri ta ɗauka da na dama. Na fita ko takalmi ban sa ba, na shiga ɗakin Goggo. Ban taɓa yi mata magana da ta wuce gaisuwa ba. Na faɗa mata komai, faɗuwar da asibitin da rabin awar.

Da na gama ta ce, "Shashashai, ku biyun."

Ranar Lahadi Goggo ta sanar da ciwon Mma a islamiyyar mata. Litinin bayan la'asar ta kafa kujerarta a bakin lungu, ta aiko a kira Mma. Duk wanda ya buɗe baki zai gaishe ta, sai Goggo ta daka masa tsawa: "Ƙyale ta, magani take sha! Kawo gaisuwar nan, ni zan amsa."

Mma ta wuce tsakanin mutane kanta a sunkuye, da sauri, ina binta a baya. Ta cika rabin awar. Wasu masu sayen koko sun dawo, wasu har yau wajen wata mata a bayan masallaci suke saye. Sati guda Mma ba ta yi min magana ba sai in za ta aike ni.

Da muka koma asibiti nas ta daɗe tana kallon na'urar awo, ta ce jinin ya ɗan sauka amma har yanzu yana sama, kada a fasa ko kwana ɗaya. Na juya wa Mma.

"Na ji," ta ce, tana gyara mayafi ba ta dube ni ba. "Gobe ki dawo daga makaranta da wuri."